Siminti ba zai riƙe mana tsohuwar Katsina ba

'Yan uwana Katsinawa, don Allah mu daina ɗaukar shafa siminti a matsayin gyaran tsohon gini. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Garin nan fatauci ne ya raya shi. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gat suna shigowa da gishiri da hajar ƙetaren Sahara, su fita da fata da tufafin rini, malamai irin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani suna karantarwa a cikin birni. Kuma duk abin da mutanen wancan zamani suka gina, da ƙasa suka gina shi. Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tsayinta ya kai wajen mita 15, ga ta nan tsaye. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Balewa suka yi karatu, ita ma ginin ƙasa ce. Ka shiga ɗakunanta da rana tsaka a watan bazara, ka ji sanyin da babu fanka babu lantarki.

Ginin ƙasa numfashi yake yi. Yakan sha laima da damina, ya fitar da ita da rani. Da ka lulluɓe shi da siminti, ruwa zai sami ɗan tsagu ya shiga, ya rasa hanyar fita, tubali ya jiƙe daga ciki, wata rana ɓangare guda ya rufto. Sai a ce ai ginin ƙasa ba ya ƙarko, alhali mu muka shaƙe shi. Abin da yake so sananne ne: yaɓe kafin damina, makuba (shafen da ake yi da ɓawon ɗorawa) a bango, a share indararo, a canza azarar da gara ta ci.

Ganuwa kam ta kusa ƙarewa, wani wurin gidaje sun hau kanta, wani wurin an kwashe ƙasar. Ƙofar Yanɗaka, inda Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo a 1903, yara nawa suka san labarinta?

Abin da ya fi damuna shi ne magina. Masu iya ɗaurin guga da bakan gizo, wato salon rufin soro na gargajiya mai lanƙwasa, suna tsufa, 'ya'yansu sun koma aikin bulo saboda can ne abinci yake, kuma ban ga laifinsu ba. Masarauta da gwamnatin jiha su ware kuɗin yaɓe duk shekara, a ba waɗannan dattawa aikin, a haɗa kowannensu da samarin da za su koya a hannunsa ana biyan su.