Yadda kadangare ya kwance min zani a teburin mai shayi

Daren Asabar muna teburin mai shayi, ɗan yayata ya zo da aikin gida na Turanci, wai a faɗi asalin kalmar alligator, sunan wata dabba mai kama da kada. Ko kofin ban ajiye ba na ce Larabci ce tsantsa. Na fara lissafi da yatsu: albasa, almakashi, aljihu, alƙalami, duk "al" ɗin da kuka ji daga Larabawa ya fito. Alhajin layinmu yana ta gyaɗa kai yana "ƙwarai kuwa, Malam, wannan magana haka take." Har na gyara zaman hula.

Yaron nan bai ce uffan ba. Ya ciro wayar uwarsa ya latsa, ya ɗago ya ce, "Kawu, a nan an ce Sifaniyanci ne." Wai mutanen Sifaniya da suka shiga Florida ta Amurka a ƙarni na 16 ne suka ga dabbar kwance bakin ruwa suka ce el lagarto, ma'ana kadangare. Kadangare fa, na jikin katanga! Turawan Ingila suka ji, suka haɗiye "el" ɗin da sunan gaba ɗaya, bakinsu ya yi ta murɗa shi har ya zama alligator, kamar yadda mu ma muka haɗiye "al" cikin albasa.

Da na yi shiru a nan da na tsira. Ina! Na ce to ai Larabawa sun yi kusan shekara 800 a Andalus, wato yankin Sifaniya, daga 711 har 1492, a wurinsu aka aro. Na faɗi shekarun da ƙarfi don a san ba a banza na yi boko ba. Yaro ya sake duƙawa kan waya. Wurin ya yi tsit, sai ƙarar cokali a kofi, mai shayi ma ya tsaya da ƙwai a hannu bai fasa ba. "Kawu, lagarto daga Latin ne, lacertus."

Na ce to ko ma daga ina ne, ai kada ne, ga su can a kogin da Kaduna ta samo suna. Ya ce a'a Kawu, babu alligator a Afirka, Amurka da ƙasar Sin kawai suke. Namu bakinsa tsini ne, haƙorin ƙasa na leƙowa ko ya rufe baki, nasu kuwa bakin faffaɗa ne.

Yaron bai ba ni haushi ba, karatu ya yi. Alhaji ne. Mutumin da ya gama "ƙwarai kuwa" shi ya fara tuntsirewa, har da buga cinya, wai dama shi tun farko maganar ba ta kwanta masa ba. Ba ta kwanta maka ba kake gyaɗa kai kamar kadangaren da ake magana? Kun dai san shi, shi ne wanda ya ari cajata tun azumi, kullum "gobe in sha Allah." Ranar ma ni na biya masa shayi da burodi, har da ƙarin madara.

Yanzu in na biyo layin, yara sai su ce ga Kawu Lagarto. Na koma shan shayi a bakin tasha, kodayake nasu sukari ya yi yawa.