Masu tallafa wa ilimin ƙananan yara, gini da fenti ba su isa ba

Duk sanda wata ƙungiya ko wani mai hannu da shuni ya ce zai taimaki ilimin yaran talakawa, kusan ka san abin da zai biyo baya, a gina aji biyu a shafa fenti, a raba jakunkuna masu tambarin ƙungiya, a ɗau hoto a watsa a Facebook. Allah ya saka musu, ba raina ƙoƙarinsu nake ba. Amma ka leƙa ajin nan bayan shekara biyu, sai ka tarar da yara cunkus a ƙasa, malama ɗaya tana ta fama da su da tsawa, albashinta ma ya maƙale, littattafan kuwa suna kulle a kabad wai kar yara su yaga.

Kuma matsalar ba ƙarama bace. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimta. Da yawansu fa suna zuwa makaranta, zaman ne kawai ba karatu.

An gwada zuba kaya an gani. A yammacin Kenya an raba littattafai a makarantun ƙauye a shekarun 1990, da masu bincike suka duba sai suka ga yaran da dama can su ne gwanayen aji kaɗai suka amfana, don littattafan da Turanci suke, sauran yaran ba sa gane komai a ciki. A Peru gwamnati ta raba kwamfutoci dubban ɗaruruwa a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa, binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a lissafi ko harshe ba.

To yanzu dubi Jamaika. A 1986 zuwa 1987 aka ɗauki yara 129 a unguwannin talakawa na Kingston, yaran da rashin abinci mai gina jiki ya tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya kan je gidansu sau ɗaya a sati har tsawon shekara 2, ta zauna da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta, ta riƙa yi masa magana tana faɗa masa sunayen abubuwa, ta yabe shi in ya yi daidai, kayan wasan ma da hannu aka haɗa su da tarkacen gida. Shi ke nan fa. Bayan shekara 20 aka bibiye su, waɗanda aka ziyarta suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100. A Amurka ma shirin Perry na koyar da yaran talakawa kafin firamare da aka fara a 1962 a Michigan haka ne, malamai ƙwararru, yara kaɗan a hannun kowacce, da ziyarar gida duk sati, har James Heckman, masanin tattalin arziki mai lambar Nobel, ya lissafa ribarsa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 a kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ai sai da hannun da ya iya.

Na san dalilin da ya sa ake gudun wannan hanya. Albashin malama ba ya fitowa a hoto, horaswa ba ta da ranar yanke zare, kuma nauyi ne da ba ya ƙarewa wata ya mutu a sake biya. Akwai ma masu cewa biyan malamai aikin gwamnati ne, kuma da gaskiyarsu, a taron UNESCO na Tashkent a 2022 ƙasashe sun amince su yi ƙoƙarin ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin ilimi ga matakin kafin firamare. A matsa musu su cika. Sai dai yaron da ke da shekara 3 yau ba zai tsaya jiran kasafin kuɗi ba, kafin a gama muhawara ya wuce lokacin.

Don haka duk mai niyyar bayarwa, kafin ya sa hannu ya tambaya: wa zai koyar, wa ya horar da ita, wa zai biya ta a shekara ta uku, littattafan da harshen da yaran ke ji a gida aka rubuta su, kuma za a bar su a hannun yaran ko sun yage? In ƙungiya ta kasa amsa waɗannan, ya kai kuɗinsa inda za a amsa masa.