Allon CDC 6600 ba ya riƙe rubutu

Madalla da wannan labari kan manyan kwamfutocin zamanin da. Sai dai kun ce allonsu kamar na talabijin yake, a nan ne ban yarda ba. Ku duba CDC 6600 da Seymour Cray ya ƙera a Amurka, wadda ta fito a 1964. Allonta gilasai biyu ne zagayayyu, ba sa riƙe komai. Cikin ƙananan na'urori goma masu taimaka wa babbar na'urar lissafinta, ɗaya ce ke ta sake zana kowane harafi ba hutu. Mai rubuta manhajar shi zai faɗi gurbin harafin da girmansa. In rubutu ya yi yawa, sai allon ya fara ƙyaftawa. Wallahi masu ƙera ta da rubuta manhajarta sun sha aiki, don Allah ku kawo mana labarinsu.