Fitowa a mujallar likitoci ba ita ce shaidar gaskiya ba

Wasu na ganin duk binciken da ya fito a mujallar likitoci ya tabbata, ba gardama. Ina! Masu tantance bincike kafin a buga shi, rubutun kawai suke karantawa, ba sa zuwa asibiti su duba katin marasa lafiya.

A 1998 mujallar The Lancet ta Ingila ta buga binciken Andrew Wakefield, wanda ya sa aka yi ta zargin allurar rigakafin ƙyanda ta MMR da taɓa ƙwaƙwalwar yara. Yara 12 kacal ya duba, kuma ya ɓoye cewa lauyan da ke shirin kai ƙarar kamfanonin allurar yana biyansa. Sai 2010 mujallar ta janye binciken, aka soke lasisinsa na likita, bayan iyaye da yawa sun riga sun guji allurar.