Ba kowane tumatir ake ajiye irinsa ba

Da yawa sun ɗauka cewa in tumatir ya yi kyau a lambun gida, sai a matse ƙwayoyinsa a shanya kan tsumma, baɗi a sake shukawa. Ba kowane iri ke yarda da haka ba. Duba jikin fakitin irin da ka saya: in an rubuta F1, tagwaita iri biyu aka yi, kuma abin da ka ajiye zai fito barkatai, wani ƙanana, wani ruwa-ruwa. Irin tumatir Roma VF da UC82B kuwa, tunda ba F1 ba ne, ajiye abinka, za su biyo uwarsu.

Ni dai sabon iri, gindi uku ko huɗu nake fara dasawa gefen wanda na sani, lokacin sanyi, in ga kamun ludayinsa tukuna.