Na yi hayar gida mai taya huɗu

Moto na kai gyara wani gareji da ke kusa da kasuwar Dole, sai idona ya faɗa kan wata farar mota mai ƙusumbi a saman kan direba, tagoginta har da labule. Mai garejin ya ce ta Kwatano aka shigo da ita, Faransawa na ce mata kampin-kar. "Malam, gida ne sukutum. Gado huɗu, murhun gaz, firijo, har bayi." Lokacin saura mako biyu bikin ƙanwar matata a Yamai, ga kuɗin bas na ta ci mini rai. Daga Damagaram tafiyar ta kusa kilomita 900. Ban yi shawara da kowa ba na biya kuɗin haya.

Baturen da ya ƙera motar nan, da kansa da matarsa ya yi awo, wataƙila da karensu. Mu kuwa ni ne da uwargida da yara huɗu da surukata Hajiya, sai ƙanin matata da ya ɓullo da asuba rataye da jaka, wai ya ji akwai wuri. Akwatunan biki suka cinye gado biyu. Hajiya ta ce ba ta shan furar Yamai, saboda haka aka sa turminta a wurin wanka.

Shekara 14 ina auren 'yarta, ban taɓa cin abinci a gaban Hajiya ba, ko ido ba ma haɗawa. To ga shi duk sanda na ɗaga kai na dubi madubi, ita nake gani tana jan carbi. Tun kafin Takeita na karkatar da madubin ya koma kallon rufi. A Tasawa yunwa ta ci ƙarfina, na sayi kilishi na tsuguna bayan mota ina ci kamar mai duba taya. Auta ya leƙo ta taga ya ce, "Inna, Baba na cin nama shi kaɗai!"

Tankin ruwan lita 100 yake ci. Na ɗauka tunda 'ya'yan Damagaram ne, waɗanda suka saba ganin uwarsu na tashi tsakar dare taren ruwan famfo, za su yi tattali. Ina! Famfo mai zuba a cikin mota, kuma tana gudu? Kowa sai da ya wanke hannu sau biyar. Muna shiga Maraɗi famfon ya yi tari biyu ya yi shiru.

Bayin kuwa taku ɗaya ne daga kujerar Hajiya, ƙofarsa ba ta fi kwali kauri ba. Babu babban da ya yarda ya shiga, sai dai a ce mini in tsaya a ɗauki buta a nufi daji. Yara ne suka mai da shi wurin wasa. Ashe duk abin da aka yi yana taruwa ne a wani akwatin roba mai hannu, ana zaro shi ta wata 'yar ƙofa daga waje a je a zubar. Mai gareji ya nuna mini, amma a lokacin labule nake yabawa.

Bayan Madawa wata jar fitila ta kama a jikin bayin, alamar ya cika. Na ratse gefen hanya na zaro akwatin, ina ɗauke da shi kamar mai zuwa Makka, ban lura akwai shingen jandarma a gaba kaɗan ba. Ɗaya daga cikinsu ya yafito ni.

"Me ke ciki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah kada ka buɗe."

Da ma na yi shiru. Ya kira abokin aikinsa, suka sa na ajiye a ƙasa, ya murɗe murfin da hannunsa, rana tsaka a watan Afrilu. Ko takardun mota bai tambaya ba. Da hannu ɗaya ya toshe hanci, da ɗayan ya nuna mini hanyar yamma.

A Galmi Hajiya ta yi magana ta farko da ta shafe ni, ita ma ta bakin 'yarta: "Ki ce masa ya tsaya, ba a wuce albasar Galmi." Buhu biyu ta saya.

Ƙwanni muka kwana. Na naɗe teburi ya zama gado kamar yadda aka koya mini, ni kuma na haye na cikin ƙusumbin, inda tsakanin hancina da rufi bai kai kamu biyu ba. Ga zafi, ga albasa. Da aka kira assalatu na zabura zan miƙe, goshina ya daki rufi har motar ta girgiza. Na sauko ina laluben mutane, babu kowa. Na buɗe ƙofa na tarar da su duka bakwai a kan tabarmi suna sharar barci cikin iska, buhunan albasa kuma na kwance kan gadon da na gyara wa Hajiya, an ma lulluɓe su da zane.

Da ƙulu a goshi na shiga hoton biki. Ranar dawowa Hajiya ta kwance bakin zanenta ta ƙirgo kuɗin bas nata da na 'yarta da na jikokinta. Ni da turmi muka dawo Damagaram.