Ku Ji Tsoron Allah Game Da "An Ce"

'Yan uwa, yau raina ya ɓaci. A wani zauren WhatsApp aka jefo hoton wani bawan Allah, wai ya cinye kuɗin masallaci. Kafin la'asar an gama yanke masa hukunci, kuma ba wanda ya ce ina hujja.

Da irin wannan aka hallaka Yue Fei a ƙasar Sin. Janar ne na daular Song, ɗan manoma, an haife shi a 1103. Bayan mayaƙan daular Jin daga arewa sun ci Kaifeng, babban birnin Song, a 1127, yana cikin waɗanda suka tsaya musu, har ya karya rundunar dawakansu a Yancheng a 1140. An san sojojinsa da doka: ko sanyi zai kashe su ba sa rushe gidan talaka don neman itace, ko yunwa za ta kashe su ba sa ƙwace. Mai amana irin wannan, yana tsakiyar nasara Sarki Gaozong ya kira shi gida, waziri Qin Hui mai neman sulhu da Jin ya sa aka ƙulla masa sharrin tawaye. Alƙalin farko, He Zhu, ya bincika ya ce bai ga laifi ba, sai aka canza shi. Janar Han Shizhong ya tunkari waziri ya nemi hujja, aka ce masa wataƙila akwai. A kan haka aka kashe Yue Fei da ɗansa Yue Yun a 1142.

Sai a 1162 sabon sarki ya wanke shi. Shekara 20, yana kabari! Har yau a Hangzhou akwai mutum-mutumin Qin Hui na ƙarfe durƙushe gaban kabarin. Kunyar duniya ke nan, ta lahira fa?

Ke 'yar uwa da kika ce an ga 'yar maƙwabta a motar wani, har aka fasa aurenta, kin gani da idonki? Kai Alhaji da ka ce yaron shago yana da dogon hannu, ka ƙirga kuɗin? Kai mai turawa kana rubuta "yadda na samu", wallahi wannan ba ta fitar da kai, da hannunka a ciki.

Don Allah ku daina. Wanda ya tura, ya goge, ya koma zauren ya ce ba shi da tabbas, ya je wurin mutumin ya roƙi gafararsa tun yana da rai. Don Allah, yau.